Tabon Goro a Hular Alhaji Bawa

Ku samarin nan da ke zama a bencina kuna latsa waya kuna jiran in gama muku hula, na sha jin abin da kuke faɗa. Wai wankin hula ai ruwa ne da sabulu da buroshi, ko yaron da aka yaye jiya zai iya. Ba na jin haushi, dariya ma nake yi, don ni ma da na zo unguwar Sabon nan haka na ɗauka. To ku gyara zama in ba ku labarin hular da ta fi kowace ba ni wuya, wadda kuma ta koya mini kalmar Turanci guda ɗaya da har yau nake ji da ita.

Motar goro ce ta kawo ni Ibadan ina saurayi, aka damƙa ni hannun Malam Ɗanjuma mai wankin hula. Rumfarsa tana can inda mai sayar da caja yake yanzu. Na yi wata da watanni ban taɓa hular kowa ba. Aikina ɗebo ruwa, dama sitaci, da juya kawunan itace a rana. Kan itace shi ne wannan gungumen da kuke gani an sassaƙa kamar kan mutum, a kansa ake ɗora jiƙaƙƙiyar hula ta bushe ta ɗauki siffa. Ku kuna ganin duk ɗaya ne, to ba ɗaya ba ne. Akwai mai faɗi, akwai mai tsini, akwai wanda ƙeyarsa ta fita, kamar dai kawunanku da nake kallo yanzu. Malam yakan auna kan mutum da zare kafin ya zaɓi itace. Manyan masu kawo masa aiki kuwa, yakan yi wa hulunansu ƙullin jan zare daga ciki ta wajen ƙeya, don kada ta ɓace cikin na jama'a. Waɗannan da hannunsa yake wanke su, ni sai dai in tsaya ina kallo.

Doka ɗaya ya fi nanata mini. Idan mai hula ya faɗi wata magana ba ka gane ba, kada ka sa mata ruwa sai ka gane. Hula in ta jiƙe ba ta komawa yadda take, in launi zai zuba ya zuba, in zare zai saki ya saki. A lokacin gani nake tsoho ne kawai mai son jan rai.

Sitaci kaɗai sai da ya ci mini shekara. In ya yi yawa hula ta ƙage, ka lanƙwasa ta ta tsage, in ya yi kaɗan ta kwanta a ka kamar ganyen da rana ta buga. Ga ruwan Ibadan da ba ya sallama. Kana shanya hadari zai taso daga wajen Mokola, ka kwashi kawuna a guje, in ka yi sake fumfuna ta hau hular mutum ranar Alhamis, shi kuwa gobe Juma'a zai sa ta. Amma akwai daɗi a aikin nan. Ni yanzu ko a rufe mini ido a miƙo mini hula zan faɗi sana'ar mai ita. Ta ɗan albasa daga kasuwar Shasha tun daga nesa take gaishe ka. Ta ɗan shanu daga kasuwar Bodija akwai ƙura da maiƙo a bakinta. Ta ɗan canji kuwa turare ne zalla, ba gumi ko kaɗan. Kuma alfaharin mai wankin hula shi ne ya kawar da wannan duka, ya miƙa maka ita kamar yau aka sauke ta daga allura.

Shekarar da aka kulle gari saboda annoba ita ce ta kusa raba ni da sana'ar. Ba Juma'a, ba ɗaurin aure, ba suna, wa zai sa hula yana zaune a ɗaki da singileti? Na koma Shasha ina taya wani ɗan'uwa tsince ruɓaɓɓiyar albasa. Kalanzir ya gagara, sai maman yara ta fara kallon kawunan itacena. Na ba ta wasu ta hura wuta, masu kyau ma kuwa. Amma akwai guda ɗaya, tsoho, baƙi, mai tsaga tun daga tsakiya har ƙasa, wanda Malam ya bar mini da zai rasu. Siffarsa ma wata iri ce, dogo ta gaba da baya, ba hular da nake ɗorawa a kai. Shi na hana. Ta ce mini ikon Allah, lafiyayyu na bari an ƙona, fasasshe na rungume, ko in faɗa mata amfaninsa. Na buɗe baki ban sami abin faɗa ba. 'Yata Hajara tana gefe tana ta ƙyalƙyala dariya.

Bayan gari ya buɗe aiki ya dawo, wata safiya mota ta tsaya a bakin rumfar nan. Wani matashi ya fito riƙe da kwali a hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya fara gaishe ni da Yarbanci, sannan ya juya Hausa irin ta 'ya'yan Sabo da suka daɗe a Legas. Ya ce sunansa Nasiru, ɗan marigayi Alhaji Bawa mai goro. Na ce wa bai san Alhaji Bawa ba a Sabo, ai rumfar maigidana ake kawo hulunansa. Ya ce mahaifin nasa ya rasu yana makaranta, mahaifiyarsa Alhaja Bayarabiya ce, tana nan da ranta. Yanzu matarsa ta haifi namiji, zai mayar da sunan uban, kuma yana so ranar suna ya fito da hular uban a kansa.

Na buɗe kwalin. Zanna ce ta hannu, ruwan toka da shuɗi, irin aikin da yanzu sai an tona. Amma ta gaji. Zaren ya yi laushi, asu ya ci gefe guda, bakin ya saki. A goshinta kuma ga wani jan tabo kamar faɗin babban yatsa. Na ɗauko zare na auna kan Nasiru, na auna hular, sai na ga kansa ya fi ta da kusan faɗin yatsa. Na gaya masa gaskiya. Na ce wannan hular in ta sha ruwa za ta iya wargajewa, in aka ja ta don ta shiga kansa za ta iya yagewa, ga suna ya matso. Na ce na san mai kawo irinta sak daga Maiduguri, ya sayi sabuwa, wannan ya mayar da ita akwati.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Baba, ejo, don Allah, ba maganar sabuwa ba ce. It's sentimental."

Ni kuwa kunnena a buɗe yake ga baƙuwar kalma. Da haka na tsinci Yarbancina, da haka na tsinci Turancin kasuwa. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na ce me ke nan? Ya ɗora hannu a ƙirji, ya fara wata Hausa ta ƙare masa a hanya, ya koma Yarbanci ita ma ba ta kai shi ba. Ana cikin haka aka kira shi a waya daga wajen mai jego, ya ce mini in yi iya ƙoƙarina, ya faɗa mota. Ya bar ni da hula a hannu da kalma a baki, ga ruwa na riga na zuba a roba. Sai dokar Malam ta faɗo mini, na tura robar gefe.

Na fara da maƙwabcina Isuhu tela, wanda ba a taɓa tambayarsa abu ya ce bai sani ba. Bai ko ɗago daga keke ba ya ce ai ma'anarta abu mai tsada. Na ce anya, wannan hular ko kyauta aka ba ka ba za ka sa ba. Na tare wani ɗan canji da ya zo karɓar hularsa, shi kuma ya ce yana jin ana faɗa wa mutum mai saurin hawaye. Na dubi hular, ban ga inda za ta yi hawaye ba. Haka na wuni ina wanke na wasu, ina juya kalmar a baki don kada ta gudu, har mai kawo mini koko ta tambaya ko wuridi nake yi.

Da la'asar Hajara ta biyo ta rumfa daga makarantar da take koyarwa. Tun kafin ta ajiye jaka na jefa mata kalmar. Ta yi dariya ta ce Baba ina ka samo wannan. Ta ce kamar kewa ce, sai kuma ta ce a'a, kewa ta mutum ce ko gari. Ta ce kamar bege, ta sake cewa bai cika ba. Ta ce abu ne da darajarsa ba a kasuwa take ba, a zuciyar mai shi take, saboda wanda yake tuna masa. Na ce ta ƙara sassautowa, kaina na itace ne. Sai ta waiga, idonta ya sauka a kan fasasshen kan nan da ke ƙarƙashin tebur.

Ta ce, "Baba, ka tuna ranar da Mama ta ce ka faɗa mata amfanin wancan, ka rasa abin faɗa? To sunan abin da ka rasa ke nan."

Wallahi sai na ji kamar an buɗe taga a ɗaki. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Ashe abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun shekarar kulle, wasu mutane can sun yi masa suna sun ajiye. Murna ta kama ni irin ta yaro, na ce ta tsaya sai na gwada. Na nuna kwanon tuwona na ce wannan fa, ina son sa ƙwarai. Ta ce a'a, wannan yunwa ce. Na nuna sabon dutsen gugana, ta ce wannan in ya ɓace zan sayi wani in manta, bai shiga ba. Na ce to tsohon agogon kakarta da ba ya tafiya, wanda mamanta ke ɓoyewa a ƙasan akwati. Ta tafa hannu ta ce yawwa. Na ce ashe mai son ƙona mini itace ita ma tana da nata. Hajara ta ƙara mini cewa ana faɗa wa mutum ma, wanda irin waɗannan abubuwa ke saurin taɓa masa zuciya, don haka ɗan canji bai yi nisa da gaskiya ba. Ta ce ni ma haka nake, na ce ta kiyaye ni.

Da ta tafi na koma kan hular da wani ido daban. Na juya cikinta a hankali, na kai ta hanci. Ƙamshin almiski yana nan can ƙasa, da ɗan warin ganyen goro. Ina bin ɗinkin da yatsa sai na ji wani ɗan tudu ta wajen ƙeya. Na matsa bakin rumfa inda haske yake. Ƙullin jan zare ne, ya koɗe, amma ko cikin dubu zan gane ƙullin Malam Ɗanjuma. Sai a lokacin na lura hular ita ma doguwa ce ta gaba da baya. Na jawo fasasshen kan nan, na share masa ƙura, na ɗora ta. Ta zauna ɗas, ko iska ba ta shiga tsakani. Ashe wannan itacen kan Alhaji Bawa ne, shi ya sa tun rasuwarsa ba a sami hular da ta dace da shi ba. Na ƙwala wa Isuhu kira ya zo ya gani, ya zo ya duba ya ce shi bai ga komai ba sai tsohuwar hula a kan tsohon itace.

Yanzu ga aikin, ku da kuke cewa ruwa da sabulu ne. Ban tsoma ta ba sam. Tsumma mai laushi na jiƙa na matse, ina dannawa ina ɗagawa, gida-gida na zanen, sai buroshin haƙori na yara a inda datti ya kama. Cikinta ban kai masa ruwa ba, don kada ƙamshin ya tafi. Inda asu ya ci na zaro zare daga cikin lanƙwasar hular kanta na cike, saboda sabon zare zai yi ihu a tsakiyar tsofaffi. Sai faɗaɗawa, wadda ita ce mai tsayar da numfashi. Na yayyaga tsohon zani siri-siri, na naɗa wa kan itacen zagaye ɗaya, na ɗora buta a wuta, na riƙa tara hular a tururi har ta yi laushi, sannan in zura ta a hankali in bar ta ta huce. In ta saba sai in ƙara wani zagayen. A wani zurin na ji ƙas. Na tsaya cak. Na duba, zare ɗaya ne ya tsinke a gefen da na cike, bai ja 'yan'uwansa ba. Na kama shi da allura na ci gaba, ina gumi kamar mai dakan sakwara. Ranar kuma aka wuni ana ruwa, sai da garwashi na busar da ita daga nesa-nesa.

Saura tabon. Na san shi tun kallon farko, jan goro ne. Mai goro yatsunsa kullum ja suke, kuma duk sanda zai yi alwala ko zafi ya dame shi, da babban yatsa yake tura hula baya, a wuri ɗaya, shekara da shekaru. Ina da abin da zai cire shi kafin a tafasa shayi. Na ɗauko har na jiƙa tsumma, sai na tsaya. Na ce wa kaina, zanen nan wani ya ɗinka, siffar nan Malam ya ba ta, to a duk hular nan mene ne na Alhaji Bawa shi kansa? Na ajiye tsumman. Isuhu ya leƙo ya ce kada in ba da mu, ranar suna duk manyan Sabo za su hallara, a ga hula ta fito daga rumfata da tabo a goshi, za a ce idon tsoho ya tafi. Maganarsa ta shige ni, don sunan da na yi shekaru ina tarawa ke nan, kuma Nasiru bai ce in bari ba. Duk da haka na shafa sitaci sama-sama na kewaye tabon, na bar shi yadda yake.

Ana gobe suna Nasiru ya zo. Na miƙa masa, na ce ya sa a hankali, ta gaba tukuna. Ta shiga, ta zauna kamar don shi aka yi. Ya kalli madubin da ke jikin ginshiƙi ya yi ta murmushi, Isuhu ma ya bar keke ya zo kallo. Sai zafi ya sa ya kai hannu zai tura ta baya, babban yatsansa ya sauka daidai kan tabon. Ya cire ta ya duba. Na fara shirya haƙurin da zan ba shi. Ya ce ban cire wannan ba. Na ce ban cire ba, in yana so yanzu zan cire. Ya ce in bari tukuna, shi bai ma san daga ina tabon ya zo ba, ya mayar da ita kwali ya ce lallai in zo suna. Na kwana ban san ko na gyara ko na ɓata ba.

Da safe na je. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ga goro da dabino, ga tsofaffin 'yan goro sun jeru. Da Nasiru ya fito da hular sai na ga tsofaffin suna taɓa juna, wani ya ce Allah Ya jiƙan Bawa tun kafin liman ya buɗe baki. Aka yi addu'a, aka raɗa wa yaro sunan kakansa, aka shafa. Ina shirin sulalewa sai aka ce Alhaja tana kiran mai wankin hula.

Na same ta a zaure a kan kujera, tsohuwa ƙarama, hular tana cinyarta, Nasiru yana tsugune a gefe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗora yatsa a kan tabon, ta tambaye ni da Hausarta ta matan Sabo wa ya ce in bar wannan. Na nemi yadda zan faɗa a taƙaice, sai kawai kalmar ta fito.

Na ce, "Alhaja, ba wanda ya ce. Na ga sentimental ne."

Nasiru ya ɗago da sauri ya dube ni, ya fashe da dariya, idonsa ya kawo ruwa. Alhaja ta ce ita ba ta jin Turanci, amma ta san wannan yatsan. Ta ce tun tana amarya take faɗa da Alhaji a kan tabon nan. Ita ce mai aika hulunan wurin Malam Ɗanjuma, kullum da saƙon a murje goshin da kyau, Malam ya murje, kafin Juma'a ta zagayo ya dawo. Ta ce wannan ita ce ta kansa a makon da ya kwanta, ba a kai ga aika ta ba. Tana faɗa tana dariya, hawaye na bin kumatunta, ni ma na ji nawa idon ya yi zafi.

Ta ce, "Shekara da shekaru ina biya a cire shi. Yau da ka cire, da ban yafe maka ba."

Sannan ta jawo kan ɗanta, ta ɗora masa hular da hannunta, ta ɗan tura ta baya da babban yatsa.